Motar da Na Mayar, da Ajin da Aka Ɗauke

Zuwa ga Baba Alhaji Mamman,
Shugaban ƙungiyarmu ta zumunci a Greensboro ta ƙasar Amurka,
da sauran dattawan kwamiti.

Salama alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga mahaifinta, ina fata wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Hajiya da yara da jikoki. Na ji an ce gwiwar ta sake tashi, Allah ya kawo sauƙi. Ina gaida iyayenmu maza da mata na kwamiti, Musulmi da Kirista, 'yan Nijar da 'yan Nijeriya. Allah ya saka muku da alheri a kan ɗawainiyar da kuke yi da mu a ƙasar da ba tamu ba.

Saboda waɗanda suka zo garin nan kwanan nan ba su san ni ba, sunana Saratu, matar marigayi Bitrus. Daga Litinin zuwa Juma'a ina koyar da kimiyya a wata makarantar gwamnati. Ranar Asabar kuma ni ke riƙe da ajin Hausa na yaran ƙungiya, a ɗakin da muke haya bayan shagon kayan abincin gida a East Greensboro. Na fara wannan aji tun 'yata tana cikin ɗalibai, ga ta yanzu da aurenta a wata jiha.

Na san ba tarbiyyarmu ba ce mace kamata ta yi wa dattijo magana a bainar jama'a. Na kira wayarka, aka ce kana hutawa. Na aika a nema mini izinin zuwa, aka ce sai an natsu. Maganata kuwa ta riga ta zaga kowane falo daga McLeansville zuwa Pleasant Garden, ni kaɗai ce ba a zauna da ita a kai ba. Shi ya sa na saka wannan takarda a zauren ƙungiya na waya, a ji daga bakina ko sau ɗaya ne.

Ga abin da ya kawo ni. A makon jiya sakatarenmu Ishaya ya kira ni, ya ce: "Anti Malama, kwamiti ya zauna. Daga sabon zango ajin Asabar zai koma sabon filinmu na Pleasant Garden. Tunda ke ba ki da mota, an ga ya kamata a hutar da ke. No hard feelings, Anti." Na tambaye shi wa zai karɓi yaran, ya ce ana dubawa. Ban ce na gaji ba, Baba. Babu kuma wanda ya tambaye ni.

1. Yadda na rabu da mota

Ka tuna shekarar da bututun mai ya tsaya, gidajen man garin nan suka bushe, aka ɗaure bakin famfuna da leda. Ban daɗe da fita zaman makokin Bitrus ba a lokacin. Ina gidanmu na McLeansville, can bayan gari, ni kaɗai, tankin motata ya kusa ƙasa. Waɗanda suke leƙo ni da yamma duk suka ɗauke ƙafa, domin kowa yana tattalin ɗan abin da ya rage masa ya kai shi wurin aiki. Ban ga laifin kowa ba, har yau ma ban gani ba.

Da burodi da maganin hawan jinina suka ƙare, na ce bari in taka zuwa shago. A nan na gane cewa titin da na yi shekaru ina bi ba a yi shi don mutum ba. Babu inda mai ƙafa zai bi, daga kwalta sai kwata. Wata babbar mota ta wuce ni har iskarta ta fizge mini ɗankwali. Na juyo gida, na zauna a falo ina kallon takalman Bitrus a bakin ƙofa. Maƙwabcina mafi kusa ban san sunansa ba, hannu kawai muke ɗaga wa juna ta gilashi.

Mu da muka taso a gida mun san layin mai fiye da kowa. Amma a gida idan mai ya yi wuya akwai ɗan bumburutu da galan a bakin hanya, akwai ɗan acaɓa, akwai mai tebur a lungu, akwai maƙwabciyar da za ki kira ta kan katanga. A McLeansville babu ko ɗaya. Iyayenmu suka ce zumunci a ƙafa yake. A waɗannan kwanaki na ga cewa nawa zumuncin gaba ɗaya ta bakin famfon mai yake bi, ranar da aka ɗaure famfon da leda kuwa ba ni da kowa.

2. Abin da na sani game da mai

Baba, ka yi mini haƙuri in yi ɗan aikin malanta, ba zan ja ba.

Mahaifina lebura ne a ramin kuza kusa da Barikin Ladi. Yakan ce a zamanin mahaifinsa da ƙwarya ake wanke kuza a bakin rafi. A nasa zamanin sai da injin da ya fi ɗakinmu girma, ana ta nutsawa cikin ƙasa kamar za a huda ta. Kuza bai ƙare ba, har gobe mata suna tonon sa. Wanda ke da sauƙin tonowa ne ya ƙare. Da wahalar fitar da sauran ta fi ribar, kamfani ya naɗe tabarmarsa ya tafi. Aka bar mana kududdufai masu zurfi da ke cin shanu da yara, da bariki guda da aka gina don aikin da babu shi.

Man fetur ma haka yake. Abin da masana ke kira ƙololuwar haƙar mai shi ne lokacin da abin da ake iya fitarwa daga ƙasa zai kai iyakar yawansa, daga nan ya fara gangara. Ba na cewa gobe za a wayi gari babu mai. Masanan kansu sun yi ta saɓani a kan lokacin. Wasu sun yanke shekara, shekarar ta zo ta wuce, domin an gano dabarar fasa dutse a tatso wanda ya maƙale. Sai dai ni 'yar mai haƙar kuza ce, idan na ji an koma fasa dutse na san abin da hakan ke nufi. Rijiyar da kullum ake ƙara wa guganta igiya ba ta buƙatar mai duba ya faɗi makomarta. Ga kuma hayaƙin da muke turawa sama, wanda manoman Maraɗi da na Filato suke ganin sakamakonsa a damina tun kafin su ji sunansa a rediyo.

Garin nan kuwa, kamar barikin su babana, an shimfiɗa shi ne bisa zaton cewa abin da ya kafa shi ba zai taɓa yin wuya ba.

Da na gama wannan tunani sai na sayar da gidan McLeansville da hannuna, da hankalina. Na kama ƙaramin gida a East Greensboro, inda makaranta da coci da shago da tashar bas duk ƙafa ke kaiwa. Motar na ba 'yata. Na sayi keke mai kwando a gaba. Ban yi don in burge kowa ba, ban kuma ce kowa ya yi koyi da ni ba. Na san mai aikin asibiti da ke tashi ba a kan ƙa'ida ba, da mai yara ƙanana, ba za su iya abin da na yi ba. Ni dai na iya, na kuma ji kunyar in tsaya gaban yara ina faɗin abin da ƙafata ba ta yi.

3. Yadda aka fassara ni, da maganar motar

Tun makon farko 'yan'uwa suka fara taka birki a gefena. Wani ya sauke gilashi ya ce: "Subhanallahi, Malama! Me ya yi zafi haka?" Wata uwa da nake girmamawa ta ce a wurin suna, ana ta dariya: "Matar Bitrus a kan belo, kamar mai tallar burodi!" Wannan ma na yi dariyarsa, domin kuwa akwai burodi a kwandon ranar da ta gan ni.

Waɗanda ban yi dariyarsu ba su ne na bayan fage. An ce banki ne ya ƙwace gidan. An ce hukuma ta karɓe mini lasin. An ce mutuwar Bitrus ta taɓa ni a ka. Kowace magana sai ta yi yawonta ta gaji kafin ta iso kunnena. A cikin duk masu yin ta babu wanda ya ƙwanƙwasa mini ƙofa ya ce, Saratu, me ya sa? Da an tambaya da na dafa shayi na yi bayani har mutum ya gaji.

Sai ga taron ƙarshen shekara. Aka kira sunana a gaban jama'a, aka kawo faranti an rufe da faifai, ka buɗe da hannunka, ga makullin mota. Ashe an yi watanni ana karo-karo a ɓoye don a rufa mini asiri. Mata suka rangaɗa guɗa, ana ta ɗaukar hoto. Na durƙusa na karɓa da hannu biyu, na yi godiya, domin ba zan mayar wa furfura hannu a gaban yara ba. Kuma godiyar ta gaskiya ce. Na san akwai waɗanda suka tsaya a kan ƙafafunsu ƙarin awoyi a gidajen kula da tsofaffi kafin su saka nasu. Wannan alheri ba zan manta da shi ba har in koma ga Mahaliccina.

Bayan an kwana biyu na hau bas, na ƙarasa da ƙafa zuwa gidanka, muka zauna daga ni sai kai sai Hajiya. Na ajiye makullin a gabanka, na faɗa maka duk abin da na rubuta a sama. Na roƙi ɗaya daga cikin biyu: ko motar ta zama ta ƙungiya, a riƙa kai tsofaffinmu asibiti da ita, ko a ba Hadiza, baƙuwarmu daga Damagaram, wadda ta samu permi, wato lasin tuƙi, amma har yanzu sai ta roƙi mai kai ta aiki. Ka ce da ni: "Saratu, hannun da ya miƙa ba ya komawa da kaya. Kin kunyata dattawa." Na tashi, ba a yi mini rakiya ko zuwa bakin ƙofa ba.

An gaya mini motar tana nan ƙarƙashin bishiya a harabar gidanka, ganye na taruwa a kanta. Hadiza kuma tana nan tana roƙon mai kai ta.

Tun daga ranar wayata ta yi shiru. A coci ana ɗago mini hannu daga nesa. Ista ta zo, na dafa shinkafa kamar yadda na saba, na zuba a kuloli na jera, har la'asar babu yaron da aka aiko ya ɗauka. Na raba wa maƙwabtana baƙaƙen Amurka, suka ji daɗi, suka ce yajin ya yi yawa. Sallah ta zo, masar Hajiya da ba ta taɓa tsallake ƙofata ba tun Bitrus na da rai, bana ba ta iso ba. Ba don masa nake faɗa ba, Baba, ka san haka.

4. Cewa ina koya wa yara talauci

Wannan ita ce tuhumar da aka ce ta fi nauyi a zaman kwamiti. An ce wani uba ya ce: "Mun gudo daga tafiyar ƙasa, ta zo tana mayar mana da 'ya'ya ciki."

Na fahimci wannan uba, ban kuma raina maganarsa ba. Kai kanka ka sha ba mu labarin yadda kake zuwa lakkwal, wato makaranta, daga ƙauyenku ba takalmi, ƙasa na ƙona tafin ƙafa. Ni ma na ɗauki tulu a ka kafin in ɗauki alli. Yawancinmu hoton farko da muka aika gida daga ƙasar nan a jingine da mota muka ɗauke shi, ko da ta aro ce. Mota ita ce shaidarmu cewa wahalar ta biya. Wanda ya ajiye ta da gangan kamar ya ce wa sauran shaidarsu ba ta da daraja ne. Ban nufi haka ba.

Amma bari in faɗi abin da muke yi a ajin nan, tunda a cikin masu hukuncin babu wanda ya taɓa zama a ciki.

Muna karatu da rubutu da Hausa, wannan shi ne gaba. Idan an gama mukan fita bayan shago, inda mai shagon ya bar mana ɗan tsirin fili. Yara sun shuka yakuwa da kuɓewa da alayyafo. Sun yanka kuɓewa sun shanya a rana, sun ga ta bushe ba tare da an kunna komai ba. Sun koyi yin faci a tayar keke. Manyan cikinsu sun koyi duba lokacin bas, da yadda ake shiga a gaida direba. Wani lokaci mukan zaga unguwa a ƙasa, duk abin da muka gani mu kira sunansa da Hausa, mu gaida tsofaffin da ke zaune a barandarsu. Akwai kalmomin da yaro ba zai taɓa kamawa daga kujerar bayan mota ba, saboda kafin ya tambaya an wuce.

Ranar da na koya musu kalmar rakiya, babu wanda ya san ta. Na ce idan baƙo zai tafi ba a tsayawa a ƙofa a ɗaga masa hannu, ana taka masa, wani lokaci har ya ce a koma, a ƙi, a ƙara gaba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce: "So you just walk with them for no reason?" Wai haka kawai ake taka wa mutum ba dalili? Na ce mata akwai dalili. Maganar da baƙo ya zo da ita, wadda ya kasa faɗa a falo, a hanyar rakiya take fitowa. Asabar ta gaba ta zo tana murna, wai ta raka kakarta har akwatin wasiƙa, kakar ta ba ta labarin ƙanwarta da ta rasu tun suna yara, labarin da ko uwar yarinyar ba ta taɓa ji ba.

Idan wannan ne talauci, to, na koyar da shi. Ni ina ganin yaran nan za su tsufa a duniyar da ni da kai ba za mu gani ba, kuma ba mu da tabbacin mai zai yi musu arha kamar yadda ya yi mana. Ina so su iya tuƙi, su kuma iya rayuwa ranar da tuƙin ya gagara. Abin mamaki, rabin abin da Turawan garin nan ke zuwa taro suna biya don su koya, na noman bayan gida da shanya da gyaran abin da ya lalace, iyayenmu mata sun iya shi tun suna 'yan mata. Mu ne muke ɓoye shi kamar abin kunya.

5. Sabon filin

Na ga hotunansa, ya yi kyau ƙwarai. Ga bishiyoyi, ga wurin ajiye motoci da zai ɗauki taron biki. Na taya ƙungiya murna, kuma don suna da walima da taron shekara ban da ta cewa.

Aji kuwa na kowane mako ne. Na bincika, bas ba ta kaiwa can. Wanda ba shi da mota, ko ba ya tuƙi, an sallame shi ke nan ba tare da an ambaci sunansa ba.

Mama Laraba tana cikinsu. Ga waɗanda ba su san ta ba, tsohuwa ce da ɗanta ya ɗauko daga Kafanchan don ta riƙe masa yara. Da suna zaune a bayan gari takan ce da ni: "'Yata, wannan ba gida ba ne, kurkuku ne mai kafet." Da suka dawo East Greensboro sai ta samu ƙafa. Kowace Asabar takan tako da jikokinta, ta zauna a bayan aji, ta gyara mini Hausa a gaban ɗalibaina ba kunya, ta rufe mana da tatsuniya. Ɗanta da matarsa duk suna aiki ranar Asabar. Idan aji ya koma Pleasant Garden, ita da jikokin sun fita. Haka 'ya'yan Hadiza. Haka duk baƙon da zai sauka a garin nan gobe, wanda ya fi kowa buƙatar ya ji ana Hausa.

Kuma Baba, da girmamawa nake faɗa, kai da bakinka ka ce tuƙin yamma ya fara yi maka wuya, fitilun motoci suna kashe maka ido. Akwai ranar da 'ya'yanka za su karɓi makulli daga hannunka, cikin ladabi, don suna ƙaunarka. Dukkanmu muna kan hanyar wannan rana ko da mai bai taɓa yankewa ba. Ina roƙon ku gina mana wurin da za ka iya zuwa a ranar.

6. Abin da ya fi yi mini ciwo

Wannan shi ne ƙarshe, shi ne kuma na fi jin nauyin rubutawa.

Ni ban taɓa rantsewa cewa ba zan shiga mota ba. Shiga mota ɗaya a tafi tare yana cikin abin da nake koya wa yara. A gida wa zai tashi daga Bukuru zuwa Jos da kujeru a wofi, ya wuce maƙwabciyarsa a tsaye a bakin hanya? Rage hanya ba sadaka ba ce a wurinmu, gaisuwa ce.

Akwai iyalai na ƙungiya da ke zaune kusa da ni, waɗanda za su tafi Pleasant Garden kowace Asabar da yaro ɗaya ko biyu a baya. Ishaya ma da ya kira ni, ta bakin layinmu zai wuce. Da kwamiti ya zauna yana neman yadda za a yi da Malama marar mota, ashe a duk ɗakin babu wanda ya ce, ni zan biya in ɗauko ta?

An iya haɗa mini mota sukutum, an kasa ba ni kujera. Na daɗe ina juya wannan a raina a ɗakin nan da babu mai amsa mini. Abin da na gano shi ne, kyautar mota sau ɗaya ake yin ta, a yi guɗa, a watse, kowa ya huta da tunanin Saratu. Kujera kuwa sai an ƙwanƙwasa ƙofa kowane mako. Sai an jira ni ina neman tabarau. Sai an haƙura da surutuna a hanya, in tambayi lafiyar kowa, in yi wa yara tambayar jimla. Ba na cewa da gangan kuka zaɓi na farkon. Ƙasar nan ce ta koya mana cewa taimakon mutum shi ne a ba shi abin da ba zai ƙara buƙatar kowa ba. Ni kuwa ina buƙatarku. Ban ga abin kunya a faɗar haka ba.

Roƙona

Na farko, a bar ajin Asabar a ɗakinsa na East Greensboro, a yi manyan taruka a sabon fili.

Idan kwamiti ya ga lallai sai an tashi, to, kafin a tashi a zauna a tsara wa zai ɗauki wa, unguwa unguwa, a fara da tsofaffi da baƙi. Motar da ke ƙarƙashin bishiyarka a kakkaɓe ta, ta yi wannan aiki. Ta haka alherin waɗanda suka haɗa ta zai isa inda suka nufa, har ya wuce.

Ina kuma roƙon a ba ni dama in zo gaban kwamiti in yi magana, a yi mini tambaya, a faɗa mini laifina ido da ido. Idan bayan an ji ni an ga wani ya fi ni dacewa da yaran, zan miƙa masa da hannuna, in gaya masa wanda ke jin kunyar karatu da ƙarfi da wadda sai an zaunar da ita a gaba. Amma kada a kira shi hutu. Waɗannan yara su ne hayaniyar da ta rage mini a mako.

Asabar ɗin farko ta sabon zango zan shirya da safe, in ɗauki jakar littattafai, in zauna a matakalar ƙofata. Gidan ba ya ɓata, shi ne mai keke ɗaure a baranda. Duk wanda ya tsaya zan shiga, ba zan tayar da tsohuwar magana ba, ba kuma zan yi wa kowa wa'azin mai a hanya ba sai in shi ya tambaya. Idan babu wanda ya tsaya, zan jira har rana ta take, in koma ciki. Asabar ta gaba zan sake fitowa.

Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana, Baba. Allah ya ba ka haƙurin jin maganar ƙarami, ya haskaka wa kwamiti abin da zai fi zama alheri ga yaranmu. Allah ya raya mana su, ya sa su fi mu. Idan akwai kalmar da ta yi kaifi a takardar nan, a yafe mini, zaman kaɗaici ne ya wasa ta.

Wassalam.

'Yarka,
Malama Saratu,
East Greensboro.